Jigon da Ke Gindin Gawo

Ba aikin hajji ne ya kawo mu Sudan ba, ko da yake a motar maniyyata muka shigo ta. Ni da maigidana 'ya'yan Maguzawa ne daga ƙasar Katsina. A ɗakin shan magani na mishan muka fara jin labarin Almasihu, can aka koya mana karatun boko, can kuma aka yi mana baftisma tun kafin mu yi aure. Ni iyayena sun yi faɗansu sun gaji, suka ƙyale ni. Nasa ya fi tsanani. Ubansa ne mai yankan gidansu, shi ke ba iskokin gida jini kafin shuka da bayan girbi, a gindin wani itace mai baki biyu da aka kafa bayan rumbuna, wanda muke kira jigo. Maigidana shi ne ɗan fari, hannunsa wuƙar za ta koma. Ranar da ya ce ba zai karɓa ba, tsohon ya ƙwace gonar da ya yanka masa, ya ce kada ya ƙara shan ruwan randar gidan.

Wani ɗan kawunsa da ya musulunta yana shirin tafiya gabas, ya ce mu biyo shi, an ce a yankin Jazira na Sudan aikin auduga ba ya ƙarewa. Muka biyo shi. Shi da ya haɗa guzurinsa ya wuce Makka, mu muka tsaya. Turawan Ingilishi ba su daɗe da barin Sudan ba a lokacin.

Ƙauyen da muka zauna na Hausawa ne, arewa da Makwar inda madatsar ruwan Sennar take, tsakanin kogi da babbar tur'a, wato magudanar da ke kai ruwan madatsa zuwa gonaki. Ƙasa ce baƙa, shimfiɗaɗɗiya, da rani ta tsattsage har ƙafar jaki ta faɗa ciki, da damina ta kama takalmi ta ƙi saki. Muna aiki a hawashar wani Balarabe, gonar da hukumar noma ta ba shi. Mu yi noma, mu ba da ruwa, in auduga ta fashe mu tsinka. In aikin gona ya yi sauƙi maigidana ya shiga tur'a har ƙugu yana cire ciyawa.

Mu biyu ne kawai Kirista a garin. Da farko mutane sun kasa gane mu. Ga Hausa a bakinmu tsantsa, har ta fi ta 'ya'yansu da Larabci ya cinye, ga shi kuma ana kiran salla ba ma tashi. Liman ya zo sau ɗaya ya zauna da maigidana a rumfa, suka yi magana cikin mutunci, ya tashi ya tafi, bai sake tayar da zancen ba. Aka sa mana suna Masihi, wato Kirista da Larabci, aka ci gaba da zama. Ana ciyayya da mu, kwano ya shigo kwano ya fita. In za mu ci kaza, maigidana ya miƙa wa maƙwabci ya yanka, don kowa ya iya cin abincinmu. Hakan ya yi masa daidai, don tun da ya bar gidan ubansa bai ƙara ɗora wuƙa a wuyan dabba ba.

Ibadarmu a ɗaki take. Da sassafe kafin mu fita gona, shi ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta, mu yi waƙa ƙasa-ƙasa, ya yi addu'a in ce amin. Ranar Lahadi ma haka, don a nan Juma'a ce ranar hutu, mai hawasha bai san wata Lahadi ba. Ban ce babu kewa ba. Nakan tuna yadda muke cika ɗakin sujada a gida, mata a gefe guda muna tafi. Amma muryoyi biyu ma wani abu ne, ban san haka ba sai daga baya.

Katangarmu ɗaya da wata tsohuwa haifaffiyar Mai Wurno, babban garin Hausawan Sudan, da kowa ke kira Hajja. Ita ta koya mini shafa kisra, wainar dawa ta mutanen ƙasar, a kan tanda har ta fito siririya, ita ta koya mini Larabcin kasuwa. Ta ɗauke ni ɗiya, ko da yake ba ta daina yi mini addu'ar shiriya a gabana ba.

Mun daɗe ba haihuwa. Da cikin ya samu kuwa, ana tsakiyar tsinkar auduga ya zube. Jini ya ƙi tsayawa, zazzaɓi ya biyo baya. Maigidana ya ɗora ni a jaki ya kai ni shafahana, ƙaramin ɗakin magani da ke garin gaba, hakim, wato malamin asibiti, ya yi mini allura ya ba da ƙwayoyi, muka dawo, abin bai ragu ba. Na rame har awarwaro na zamewa daga hannuna. Abin da nake tunawa na kwanakin nan kaɗan ne: igiyar gado tana cin bayana, ƙudaje, da muryar maigidana a durƙushe yana roƙo har ta dushe.

Hajja ta zo da rubutu a ƙwarya, na ce ta yi haƙuri. Ta dawo ta ce akwai wata mata a Sennar mai kiɗa wa masu iska, ko a kai ni.

Na ce, "Hajja, in Ubangiji ya ga dama zan tashi."

Ta ce, "Ke dai taurin kai gare ki, ɗiyata. Allah shi ba ki lahiya."

Ana nan, wata safiya na farka na ji ina son kunu. Jinin ya ɗauke. Kafin a gama tuge karan auduga a ƙone, ina iya zuwa tur'a ɗebo ruwa da kaina. Na yi ta godiya ga Allah. Na ce wa maigidana mu yanka baƙar akuyarmu mu raba wa maƙwabta, tunda sun yi wahala da ni. Ya ce ai akuyar ta tafi tun ina kwance, ya rabu da ita saboda jinya. Ban ƙara tambaya ba.

Daga nan abubuwa suka fara sauyawa, a hankali, yadda ba zan iya nuna ranar da suka fara ba. Da safe sai ya ce maƙogwaronsa na ciwo, ni in karanta. Gobe ya ce yau ne kwanan ruwan hawasha, dole ya yi sammako. In na yi addu'a sai in ji shiru a inda amin ɗinsa ke fitowa. Ba ya faɗa da ni, hasali ma kulawarsa ta ƙaru. In na yi tari sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya zuba mini ido. Amma ya daina waƙa, shi da ko cikin tur'a yake ana jin muryarsa daga nesa.

A waje ma haka. Kwanon maƙwabta ya daina shigowa. In na aika da namu, ya dawo a wanke, amma sai in ga kaji na tsattsagar tuwona a bayan katanga. Matan da muke tafiya ɗebo ruwa tare suka riƙa riga ni fita. Hajja kaɗai ke leƙowa, ita ma a tsaye, ba ta zama. Na ɗauka tsoron ciwon da na yi suke ji. Na yi ta bincika kaina ko na ɓata wa wata rai, ban samu ba. Gab da saukar damina jan zakaranmu ya ɓace, maigidana ya ce muzuru ne. Ban ga gashi ko ɗaya a tsakar gida ba.

Haka na ci wannan shekara. Ina da lafiya, ina da miji, ina tsakiyar mutane masu harshena, amma wuni guda kan wuce ban yi maganar da ta fi gaisuwa da kowa ba.

Da rani ya dawo ciyawa ta ƙare, na tafi neman 'ya'yan gawo saboda tumaki. Itatuwa ba su da yawa a ƙasar, sai can wajen kogi inda gonakin hukuma suka ƙare. Akwai wani babban gawo shi kaɗai a bayan wani kwari, da ban taɓa zuwa gindinsa ba. Rana ta take, ba kowa a wurin. Na sunkuya ina tsinta ina zagaya shi, sai na gan shi.

Jigo ne, an kafa shi ta gefen da ba a hangowa daga hanya. Bakinsa biyu, an ɗaure wuyansa da ƙyallen saƙi, ƙulli a hagu. Jini ya bushe a jikinsa ya yi baƙi, jan gashin zakara ya manne a kai. A ƙasa ga ɗan kaskon da na nema na rasa tun bara. Na taɓa ganin irin wannan ɗauri a wuri ɗaya tak, bayan rumbunan surukina, ina yarinya muna leƙe ta zana. A duk faɗin Jazira mutum ɗaya ne ya san wannan ƙulli.

Na zauna a ƙasa. Ban yi kuka ba. Na daɗe ina kallon tururuwa suna hawa itacen suna sauka. Da na tashi na bar kwandon a can, sai da na kusa gari na tuna.

Ban shiga gidanmu ba, na shiga na Hajja. Tana tankaɗe. Na ce, "Hajja, don girman Allah, me ya sa aka daina cin abincina?"

Ta ajiye rariya ta dube ni. Ta ce, "Kin gani ke nan."

"Kun sani?"

"Makiyaya sun gane shi tun kina kwance, shi da baƙar akuya. Gari duka an sani. Liman ya ce a rufa, tunda ke ba ki da laihi." Ta goge hannu a zane. "Ɗiyata, Masihi muna iya zama da shi, ya ce Allah ɗaya, mun ce Allah ɗaya. Amma mai yanka ma itace, wa ka cin tuwon gidanai? Malesh, ki yi haƙuri. Na so in gaya miki, bakina ya yi nauyi."

Ban yi masa magana a ranar ba, ko washegari. Tsoro ne ya hana ni, kuma ba tsoronsa ba. Na girma a gidan da ake ba iskoki jini, na san labaran waɗanda suka hana su abin da suka saba. Ga shi an yi addu'a ban tashi ba, an yanka akuya na tashi. Wannan tunani ya zauna mini a ƙirji kamar dutse. Ina son raina, ban kai talatin ba. Na yi kwanaki ina roƙon Allah ya nuna mini abin yi, ba abin da na ji sai kukan kurciya a kan katanga.

Ranar Juma'a, gari ya tafi masallaci, muna zaune a rumfa yana gyaran ƙotar fartanya. Na ce, "Maigida, na je gindin gawo."

Hannunsa ya tsaya. Bai ɗago ba. Can ya ce, "Wa ya kai ki?"

"Tumaki."

Ya ajiye fartanyar. Sai ya ba ni labarin da ya ɓoye shekara guda. A cikin masu zuwa tsinkar auduga daga yamma, lokacin ina kwance, akwai wani tsoho mutumin ƙasarmu. Ya ga tsagen fuskar maigidana ya gane gidansu. Shi ya gaya masa ubansa ya rasu tun daminar da ta wuce, ƙannensa sun watse, jigon gidan ya faɗi ba mai tayar da shi. Da tsohon ya ji matarsa na kwance jini na zuba, sai ya kaɗa kai ya ce, ai ba sai an tambaya ba, mutanen gidanku ne suka biyo ka, an hana su jini sun zo suna sha a jikin matarka.

Ya ce, "Na yi addu'a har bakina ya bushe, ke shaida ce. Ranar nan na taɓa ƙafarki na ji ta yi sanyi. Ubana ya mutu yana fushi da ni, ɗana ya zube, ke kuma kina tafiya. Na ce in gwada sau ɗaya."

"To zakaran fa?"

"In ka fara ba su, ba a dainawa. Kin sani."

Na ce, "Ka je ka tuge shi."

Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Na san abin da na yi. Ba na iya buɗe Littafin nan. Na san na ɓata tsakanina da Ubangiji. Amma ki bar ni in ɗauki zunubin, ke ki rayu. Ni kaɗai za a tambaya."

Ban taɓa jin maganar ƙauna da ta yi mini ciwo kamar wannan ba. Na ce, "Saboda wannan wuƙar ka bar gonarka, ka bar uwarka tana kuka a ƙofar gida. Muka ƙetare ƙasashe. Yanzu ka zo ka kafa abin da ka gudu daga gare shi, ka ce don ni. Ban roƙe ka ba. Ba na son ran da za a riƙa saye mini da jinin zakara."

Ya ce, "In na tuge kika mutu fa?"

Na ce, "Ban sani ba."

Gaskiya na faɗa, ban sani ba. Ya tashi ya ɗauki fartanyarsa ya fita, alhali ba aikin da ake yi a gona ranar.

Watannin bazara da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Na yi tunanin in je in tuge jigon da kaina, har na kama hanya sau ɗaya na dawo. Na ga in ni na tuge, zai kafa wani a inda ba zan gani ba, tsoron kuma yana nan a cikinsa. Sai na ci gaba da abin da na iya. Da safe in buɗe Littafi in karanta da ƙarfi, shi yana waje yana ɗaure wa jaki kaya, na san yana ji. In yi waƙa ni kaɗai. Murya ɗaya a ɗakin laka ba ta da daɗin ji, takan koma mini kamar ta wata. Muna cin abinci a kwano ɗaya, muna kwana a ɗaki ɗaya, maganarmu ba ta wuce ta gishiri da ruwa.

Da gajimare ya fara haɗuwa ta kudu, mutane suka fara gyaran gonakin dawa, ya dawo daga kasuwa da jan zakara. Bai ɓoye ba wannan karon, ya ɗaure shi a turken rumfa. Na ba shi tsaba da ruwa kamar sauran kaji.

Washegari da hantsi ya ɗauki zakaran ya soke wuƙa a ƙugu ya fita. Na yafa mayafina na bi shi. Ya waiwayo ya ce in koma, na ci gaba da binsa. Muka ratsa gari haka, shi a gaba da zakara a hammata, ni a baya, mata na leƙowa ta kan katanga. Muka haye gadar tur'a, muka bi gefen gonaki har kwarin. Gawon ya fara zubar da ganye, kamar yadda yake yi in damina ta kusa.

Na riga shi isa gindin. Na zauna dab da jigon, na jingina bayana da shi. Na ce, "Tunda don ni ne, yanka a gabana. In gani, in san abin da nake ci nake sha."

Ya tsaya. Ya take fukafukan zakaran da ƙafa, ya zaro wuƙar, ya kama kan. Akwai kalmomin da ake faɗa kafin a yanka, ana kiran iskokin ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe baki ya fara, muryarsa irin ta ubansa sak, har tsigar jikina ta tashi. Ya kira na farko. Ya dube ni. Ni kuma ban san lokacin da na fara addu'a ba, ba da ƙarfi ba, sunan Yesu kawai nake maimaitawa don ba abin da ya zo mini sai shi.

Bai kira na biyu ba. Ya daɗe a sunkuye. Sai na ga ƙafarsa ta ɗaga, zakaran ya zabura ya shige cikin ƙaya yana kyarkyara. Maigidana ya durƙushe a wurin, ya kifa goshi a ƙasa, ya yi kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba. Yana kiran ubansa, yana kiran Ubangiji, yana cewa a yafe masa, ban san wanne yake roƙo ba a cikinsu, ina jin shi ma bai rarrabe ba. Ban taɓa shi ba, na bar shi har ya gama.

Da ya tashi ya ce in matsa. Ƙasar ta bushe ta riƙe itacen, sai da ya yi ta girgiza shi yana haƙa da wuƙar kafin ya fito. Ya tara ƙaya da busasshen ganye ya ɗora shi a kai, ya fasa kaskon, ya ƙyasta ashana. Muka tsaya har ya zama toka. A hanyar dawowa ya ce, "Ina jin tsoro." Na ce, "Ni ma."

Da ruwa ya zauna sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kama ni. Rabin garin na kwance a lokacin, kowace damina haka ake yi, amma a gidanmu ba zazzaɓi ne kawai ba. Na ga fuskarsa da ya taɓa goshina. Ya fita tsakar gida, na ji shi yana kai da kawowa cikin taɓo. Na ji ya buɗe ƙyauren gida ya tsaya. Ina kwance ina sauraro, ba ni da ƙarfin kira. Can na ji ya rufe, ya dawo ya zauna a bakin gado ya riƙe hannuna. Bai iya addu'a mai tsawo ba, abin da yake ta faɗa shi ne, "Ga ta nan, taka ce."

Hanya ta yanke, jaki ba ya iya taɓon. A bayansa ya goya ni har shafahana. Ciwon ya daɗe, maganin kuma ya tafi da jin kunnena na hagu, har yau sai an zagayo ta dama. Amma na tashi. Ina cikin farfaɗowa Hajja ta shigo da kwanon kunu, ta zauna a kan tabarma, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta ce yaran makiyaya sun ga toka a gindin gawo. Wasu gidajen suka dawo da ciyayya, wasu har muka tsufa ba su dawo ba.

Shi kuwa bai samu sauƙi nan da nan ba. Ya ce ya roƙi gafara, amma yana so ya faɗa a gaban wani bawan Allah, ya ji da kunnensa. Da Kirsimeti ya zo muka roƙi mai hawasha kwana ɗaya, muka hau lori zuwa Sennar. Akwai wata 'yar majami'a ta zana da kwano a bayan gari, ta 'yan Kudancin Sudan da mutanen duwatsun Nuba masu aikin madatsa. Ba mu san kowa ba, ba mu san waƙoƙinsu ba, wa'azin ma rabinsa ya wuce mu. Muka zauna a bencin baya kamar baƙin biki.

Da aka tashi, maigidana ya tari wani dattijo mai furfura da ya ja addu'a, ya ce yana da magana. Suka zauna a inuwar katanga, ni ina gefe. Larabcin maigidana na gona ne, na ruwa da buhu da fartanya, ba shi da kalmomin wannan zance. Ya yi ta haɗawa: ubana, itace, jini, matata. Ya nuna wuyansa da yatsa. Ya kafa ɗan tsinke a ƙasa ya durƙusa a gabansa don dattijon ya gane. Na ji kunya ta kama ni, na ce a raina mutumin nan ba zai fahimci komai ba.

Dattijon ya dube shi. Sai ya dafa ƙirjinsa ya ce, da Larabcin da bai fi namu ba, shi ma ubansa mai yanka ne a kan dutsensu, shi ma ɗan fari ne. Ya ce shekarar da ƙyanda ta shiga gidansa, shi ma ya koma yankan. Ya ɗora hannu a kan maigidana ya yi addu'a da harshensu, doguwa, ba mu ji ko kalma ɗaya ba. Da ya gama maigidana ya ce amin. Matar dattijon ta kawo mana shayi da gyaɗa, muka sha, muka yi sallama don kada lorin yamma ya bar mu. Ba mu sake ganinsa ba. Da muka koma wata shekara an ce ya tafi ƙasarsu.

Allah bai ba mu haihuwa ba. Mun ƙara shekaru masu dama tare a wannan ƙauye, cikin aikin auduga, har ruwan tur'a ya ci lafiyarsa. Tsargiya ce ta fara, daga baya ciki ya kumbura. Ya rasu da rani, da rana tsaka, kansa a cinyata. Hajja ta riga shi da daɗewa.

Ban san yadda zan yi da gawa ni kaɗai ba. Sai ga liman, ɗan wancan na farko, da mazan unguwa. Ya ce, "Baba, ba za mu iya yi masa salla ba, kin sani. Amma maƙwabcinmu ne, za mu haƙa, za mu ɗauka." Suka haƙa a gefen maƙabartarsu, ta bayan shingen ƙaya. Suka ɗauke shi a gadon igiya, suka sa shi, sannan suka ja baya suka tsaya nesa kaɗan, suka ba ni wuri. Mata ba sa zuwa maƙabarta a garin, don haka ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce kuma a bakin ramin. Na karanta abin da zan karanta, na yi addu'a. Iska na kaɗa takardun, rana na dukan kaina. Da na rufe Littafin na ɗaga musu hannu, suka matso da shebur suka fara turo ƙasa.